Irving Langmuir: Mutumin Da 'Yar Wayarsa Ke Yawo A Sararin Samaniya

In ka ce wa ɗalibin Elektirikal ya lissafo maka manyan masana lantarki, Edison zai fara kira, ya bi da Tesla, in mai karatu ne ya ƙara da Faraday da Ohm. Da wuya ka ji ya ambaci Irving Langmuir. Ni kuwa shi na zaɓa wa shafin tarihi na wannan fitowar, saboda wani ɗan abu da ya bar mana wanda ko a wokshop ɗinmu za a iya haɗa irinsa. 'Yar siririyar waya ce, an rufe jikinta da gilashi ko tangaran, an bar bakinta kawai a waje. Shi ke nan fa. Amma yau shekara ɗari da fitowarta, duk injiniyan da ke son sanin abin da injin lantarki yake yi wa tauraron ɗan Adam a can sama, da ita yake farawa. Da sunan mutumin ake kiran ta. Ni a nan zan riƙa ce mata tsinken Langmuir, don da tsinken tsire ta fi kama.

An haife shi ranar 31 ga Janairu, 1881, a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, shi ne na uku cikin 'ya'ya maza huɗu. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin inshora ne, aiki ya kai shi Faris a 1892 ya kwashi iyalinsa, yaron ya yi shekara uku yana karatu a Faransa. Har ya kai kusan shekara 11 ba ya gani sosai kuma ba wanda ya lura, sai da aka gyara masa ido sannan ya fara ganin ƙananan abubuwan da sauran yara suka daɗe da sabawa da su. Wansa Arthur masanin kimiyyar sinadarai ne, shi ya taimaka masa ya kafa ɗan wurin gwaje-gwaje a lungun ɗakin kwanansa. Da suka koma Amurka ya yi makarantar koyon aikin hannu ta Pratt, daga nan ya shiga sashen ma'adinai na Jami'ar Columbia, ya fito injiniyan ƙarafa a 1903. Sai Jamus, Jami'ar Gottingen, ɗakin gwajin Walther Nernst, inda ya yi digirin digirgir a 1906 a kan abin da ke faruwa da iskar gas idan ta taɓa waya mai tsananin zafi. Ku riƙe wannan batu na waya mai zafi a cikin gas, don kusan duk rayuwarsa a kansa ta ginu.

Ya koyar shekara uku a kwalejin fasaha ta Stevens da ke jihar New Jersey. Darussa sun yi masa yawa, albashi kaɗan, lokacin bincike babu. A hutun 1909 ya je kamfanin General Electric a garin Schenectady don ya ɗan yi aikin wucin gadi, kamar dai yadda mu ke zuwa IT. Bai koma aji ba. A nan ya zauna har ya yi ritaya a 1950.

Shugaban ɗakin binciken kamfanin a lokacin, Willis Whitney, mutum ne mai sakar wa ma'aikaci mara, an ce yakan zaga yana tambayar mutane ko suna jin daɗin abin da suke yi. Matsalar da ta dami kamfanin kuwa ita ce ƙwan fitila. William Coolidge ya gano yadda za a ja ƙarfen tongistin ya zama zare, amma ƙwan in ya ɗan kwana biyu sai gilashinsa ya yi baƙi daga ciki, haske ya ragu, zaren ya tsinke. Kowa ya ɗauka ragowar iskar da ba a zuƙe ba ce ke jawo haka, don haka kowa ya duƙufa neman famfon da zai fi zuƙe iska. Langmuir ya ga ba shi da hanyar da zai zuƙe ta fiye da yadda ake yi, sai ya juya tambayar. Ya riƙa zuba gas iri-iri a cikin ƙwan da gangan, kaɗan-kaɗan, yana auna abin da kowanne ke yi. Shekaru ya ɗauka yana wannan, ba tare da ya kawo wa kamfani ko sisi ba.

Abin da ya gano shi ne tongistin ɗin kansa ne ke tashi kamar tururi saboda zafi, ya je ya manne a gilashi. In ka cika ƙwan da gas da ba ya cin ƙarfe, naitirojin ko agon, atam ɗin da ya tashi daga zaren zai yi karo da na gas, da yawa su dawo inda suka fito. Sai dai gas na kwashe zafi, wuta ta tafi a banza. Nan ma ya auna, ya ga akwai wani siririn rufin gas da ke kwance shiru kewaye da zaren, kuma in aka naɗe zaren kamar sifirin, zafin da ke zurarewa yana raguwa sosai. A 1913 aka samu ƙwan fitila mai gas da naɗaɗɗen zare. Duk wanda ya taso kafin zuwan LED ya yi karatu a ƙarƙashin irinsa. A cikin wannan aikin ne kuma ya ga haidirojin na rabewa zuwa atam ɗaiɗai a kan zare mai zafi, abin da daga baya ya zama wata hanyar walda.

A wannan shekarar ta 1913 ya fitar da wani lissafi da ya kamata 'yan ajinmu su sani. Ka ɗauki farantin ƙarfe biyu a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, ɗaya na fitar da ilektaron, ɗayan na jan su. Za ka zaci in ka ƙara wa na farkon zafi, wutar da ke ƙetarawa za ta yi ta ƙaruwa ba iyaka. Ina! Ilektaron ɗin da ke kan hanya cajinsu iri ɗaya ne da na masu fitowa, don haka na gaba suna tokare na baya, kamar cunkoso a ƙofar ɗakin jarrabawa. Akwai iyaka, kuma boltej da tazarar farantan ne ke yanke ta: in ka ninka boltej, wutar za ta ninku kusan sau 2.8, in ka rage tazarar da rabi ta ninku sau 4. Clement Child ya riga shi yin lissafin a 1911 a kan ayon, wato atam da ya rasa ilektaron ya zama mai caji, shi ya sa dokar ke ɗauke da sunan su biyun. Za mu sake haɗuwa da ita a sama.

Yanzu ga tsinken. A farkon shekarun 1920 kamfanin na ƙera manyan kwalabe masu tururin zaiba da ke juya AC zuwa DC. A cikinsu gas ɗin na yin haske, ya cika da ayon da ilektaron suna yawo sakaka. Irin wannan ne a cikin doguwar fitilar fulorasan, da bakin wutar mai walda, da walƙiya, da rana ita kanta. Tun kafin Langmuir masana na tsoma waya a cikin irin wannan gas su karanta boltej ɗinta, su ce boltej ɗin gas ɗin ke nan. Shi ne ya nuna cewa karatun ƙarya ne, ya kuma faɗi dalili. Ilektaron ba shi da nauyi ko kaɗan in aka gwada shi da ayon, don haka ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Da ka tsoma waya, ilektaron ne ke fara afka mata, ta ɗauki cajin negetib, ta fara korar sauran ilektaron tana jawo ayon. Nan take wani siririn rufi ya kewaye ta, wanda yanayinsa ya bambanta da na sauran gas ɗin. Langmuir ya kira wannan rufi da kalmar da ke nufin kube, irin na wuƙa. Ka ga ke nan ma'aunin da ka tsoma ya riga ya canza wurin da yake aunawa, abin da yake gaya maka labarin kubensa ne.

Wani zai ce to a jefar da wayar mana. Shi sai ya haɗa ta da batir, ya riƙa sauya mata boltej daki-daki daga negetib sosai zuwa fozitib, yana rubuta wutar da ke bi ta cikinta a kowane mataki. Duk wanda ya zana giraf ɗin dayod a lab ɗin ND I ya san irin aikin. In wayar na negetib sosai, ilektaron ba sa iya isowa, ayon kaɗai take kamawa, wutar 'yar kaɗan ce kuma kusan a kwance take. Kana ɗaga boltej sai ilektaron mafiya gudu su fara ƙetare shingen. Akwai inda masu shigowa na ɓangarorin biyu suke yin daidai, mita ta nuna sifili, kuma wannan wurin ne na da suke karantawa. Daga nan layin ya miƙe sama da sauri, har ya zo ya yi gwiwa ya lanƙwasa. A gwiwar nan ne boltej ɗin gas ɗin na gaskiya yake. Yadda layin ya hau kafin gwiwar, in ka zana shi a takardar logaridim, miƙaƙƙe ne, kuma gangarensa ne ke ba ka zafin ilektaron. Yawan wutar da ka samu kuma ya gaya maka ilektaron nawa ne a kowane santimita na wurin. Abu uku daga waya ɗaya da batir da mita. Gaskiya ni wannan ya fi burge ni a kan duk lambobin yabon da aka ba shi.

Shi da Harold Mott-Smith suka wallafa cikakken lissafin a 1924 da 1926. Da wannan ma'auni aka gane wani abin mamaki: a cikin fitilar fulorasan da za ka iya riƙewa da hannu, zafin ilektaron ya kai wajen digiri 11,000, gilashin kuwa ɗumi kawai yake yi, saboda ba su da nauyin da za su iya miƙa wa gas ɗin wannan zafi. A 1928 ya raɗa wa ɓangaren gas ɗin da ke wajen kube suna filasma. Mott-Smith ya ba da labari daga baya cewa ruwan jini ne ya faɗo masa a rai, yadda yake ɗauke da ƙwayoyi iri-iri a cikinsa. Sunan ya zauna, yau fanni guda ne na kimiyya.

Lambar Nobel da ya samu a 1932 ba ta wannan ba ce, ta aikinsa ce a kan fatar abubuwa, yadda gas ke manne wa ƙarfe da yadda mai ke shimfiɗuwa a kan ruwa har kaurinsa ya zama ƙwayar sinadari ɗaya tak. Shi ne Ba'amurke na farko da ya same ta yana ma'aikacin kamfani. Abokiyar aikinsa a wannan fanni Katharine Blodgett ce, mace ta farko da ta yi digirin digirgir na fizis a Kambirij, a 1926, wadda ta ƙirƙiro gilashin da ba ya ƙyalli a 1938. Ya auri Marion Mersereau a 1912, suka riƙi yara biyu. Mutum ne mai hawan dutse da tuƙa jirgin sama, kuma ko a hutu ba ya daina awo: layukan ciyawar teku da ya gani daga jirgin ruwa a 1927 sun sa ya yi ta gwaji a tafkin George har ya bayyana yadda iska ke murɗa saman ruwa.

Akwai mutum ɗaya a kusa da shi da nake so mu 'yan foli mu san da shi, musamman masu jin zafin yadda ake fifita digiri a kan HND wajen ɗaukar aiki. Vincent Schaefer bai gama sakandare ba, ya bar makaranta don ya taimaki gidansu, ya shiga General Electric a matsayin yaron koyon aikin injin ƙira. Kayan gwajin da yake ƙerawa ne suka sa Langmuir ya ɗauke shi mataimaki a farkon shekarun 1930. Ba ina cewa takarda ba ta da amfani ba, Langmuir kansa dakta ne. Amma duk kwalaben nan da ya yi suna da su, wasu ne suka hura gilashinsu, suka liƙe wayoyinsu yadda iska ba za ta shiga ba, kuma in hannunsu ya kuskure, lissafinsa ba shi da abin da zai tsaya a kai. A watan Yuli na 1946 Schaefer ne, da firiza irin ta gida da numfashin bakinsa, ya gano cewa ɗan guntun busasshiyar ƙanƙara na mai da hazo mai sanyi ya zama ƙanƙarar sama. Ranar 13 ga Nuwamba ya hau jirgi ya watsa ta a kan gajimare kusa da dutsen Greylock, dusar ƙanƙara ta zubo daga gajimaren. Bernard Vonnegut, shi ma na wannan ɗakin bincike, ya gano sinadarin azurfa da aidin na yin wannan aiki.

Daga nan ne labarin ya ɗan yi ɗaci. Langmuir ya kamu da son wannan harka ta sa gajimare zubar da ruwa, ya ɗauke ta a matsayin babban aikin rayuwarsa. A Oktoba 1947 suka watsa busasshiyar ƙanƙara a kan wata mahaukaciyar guguwa da ke kan teku, guguwar ta juya ta afka wa gaɓar jihar Jojiya kusa da Savannah. Shi ya dage cewa aikinsu ne ya juya ta, bincike daga baya ya nuna ta riga ta fara juyawa kafin su isa. Ya kuma sa ana ƙona sinadarin azurfar a New Mexico a wasu ranaku na kowane mako, ya ce ya ga ruwan sama a faɗin Amurka na bin wannan tsari na kwana bakwai. Masana yanayi ba su yarda ba, kuma a ganina su ke da gaskiya. A cikin kwalba shi ke da iko da komai, ya kunna, ya kashe, ya sake gwadawa sau ɗari. Gajimare kuwa ba za ka taɓa sanin abin da zai yi da ba ka taɓa shi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, a 1953 shi ɗin nan ya yi wata shahararriyar lacca a kan yadda masana na ƙwarai ke yaudarar kansu: su ga wani sakamako da da ƙyar ake iya bambanta shi da hayaniya, su riƙe shi, duk sukar da aka kawo su samo mata uzuri nan take. Laifi tudu ne. Ya rasu da ciwon zuciya ranar 16 ga Agusta, 1957, a Woods Hole ta jihar Massachusetts. Mako bakwai cif bayan nan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko.

Bai ga ko ɗaya ba ke nan, amma aikinsa na cikinsu. Roka mai ƙona mai na fitar da hayaƙi da gudun kilomita 3 zuwa 4.5 a daƙiƙa. Injin ayon kuwa yana ɗaukar gas, yawanci zinon, ya mai da shi filasma, ya fizge ayon ɗin ta tsakanin farantai masu huji kamar rariya da boltej sama da 1,000, su fita da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa. Gas kaɗan, tafiya mai nisa. Tunkuɗarsa dai ba ta taka kara ta karya ba, don dokar nan ta Child da Langmuir ce ke yanke yawan ayon da za su iya wucewa, shi ya sa ake matse farantan tazararsu ba ta kai milimita 1 ba. Gwajin farko da ya yi nasara a sama shi ne SERT-1 na Amurka, ranar 20 ga Yuli, 1964, da injuna biyu. Ɗaya na siziyom ne, an gina shi a kan abin da Langmuir da Kenneth Kingdon suka gano a 1923, cewa atam ɗin siziyom in ya taɓa tongistin mai zafi yakan tashi a matsayin ayon. Wannan bai tashi ba saboda wuta ta haɗu a cikinsa. Na zaiba, ƙirar Harold Kaufman, ya yi minti 31 yana aiki.

To ina haɗarin? Tauraron na zaune ne a cikin hayaƙin kansa. Yana watsar da cajin fozitib, don haka dole a ɗora wata na'ura a gefe da ke fesa ilektaron, in ba haka ba jikinsa zai koma negetib ya jawo ayon ɗin su dawo. Sannan ba duk zinon ne ke zama ayon ba. Wani atam ɗin na fitowa a hankali ba caji, ayon mai gudu ya gifta ya ƙwace masa ilektaron, sai ga sabon ayon marar gudu wanda bai bi sahun sauran ba. Irinsu ne ke zagayowa baya, su daki farantan sola da jikin injin, su kankare ƙarfe, ƙurar ƙarfen ta sauka kan gilashin kyamara. Zinon ɗaya ya fi ilektaron nauyi kusan sau 240,000, dukansa ba wasa ba ne in ya ɗauki shekaru. A ƙasa ana gwada injin a cikin ƙatuwar tanki da aka zuƙe wa iska, amma tanki na da bango kuma ragowar gas ba ta ƙarewa, su biyun na gurɓata awon. Dole sai an hau da ma'aunin.

Jirgin Deep Space 1 da NASA ta harba ranar 24 ga Oktoba, 1998, ya tafi da tsinken Langmuir guda biyu. Tare da su akwai wata na'ura mai farantan rariya da ke tare ayon da boltej, ana ɗagawa har su daina wucewa, a san ƙarfin gudunsu, dabarar dai ita ce ta tsinken. Akwai kuma ɗan dutsen kwaz irin na agogon hannu, wanda kaɗawarsa ke raguwa in ƙura ta hau shi. Shi ya nuna ƙurar ƙarfen farantan injin na sauka a kan abin da ke fuskantar bakin injin, wanda ke ɓoye kuwa kaɗan ya samu. Tunkuɗar injin a iyakar ƙarfinsa ba ta wuce nauyin fallen takardar A4 biyu a tafin hannu ba. Ranar da aka fara kunna shi minti huɗu da rabi ya yi ya mutu, ana zaton wani ɗan datti ne ya maƙale tsakanin farantan. Da ya tashi daga baya sai da ya yi awa sama da 16,000, ya kai jirgin kusa da tauraro mai wutsiya Borrelly a 2001.

Turai ma ta yi nata. SMART-1 ya tashi a watan Satumba na 2003 da zinon kilo 82, injinsa irin wanda Rasha ta fara hawa da shi tun farkon shekarun 1970 ne, mai tsare ilektaron da maganaɗisu maimakon farantai. An ɗora masa akwatin awo na musamman kusa da injin, da tsinken Langmuir da mai tare ayon da dutsen kwaz da ɗan farantin sola na gwaji, suna aiko da rahoto duk tsawon wata 14 da ya yi yana kewaya duniya yana faɗaɗa da'ira har wata ya kama shi a Nuwamba 2004. Da man ya ƙare, masu kula da shi suka saita shi da gangan ya faɗa kan wata ranar 3 ga Satumba, 2006. Tarkacensa na can har yanzu, har da na tsinken.